Akwati Biyu na Mujallar Farauta da Su

A shekarar da aka yi harbe-harben nan na Paris, lokacin da sanyi ya fara shiga, sojoji suka cika tashoshin metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, da bindigogi rungume a ƙirji, ina da shekara arba'in da 'yan kai, kuma ban daɗe da fara koyon karatu ba. Takardar zamana a ƙasar a lokacin resefise ce, wato 'yar takardar wucin gadi da ake ba mutum kafin a yanke ko za a ba shi katin zama ko za a ce ya koma gida. Matar da ke taimaka mana da takardu a wata ƙungiyar taimakon baƙi ta gaya mini magana ɗaya, ta yi ta maimaita ta har na haddace: kada sunanka ya shiga littafin 'yan sanda, ko a kan tikitin bas ne. Da wannan magana nake kwana, da ita nake tashi.

Aikina shara ne a ofisoshi. Cikin wuraren da nake sharewa akwai wani mai ɗaki uku a saman wani tsohon bene kusa da Belleville, inda ake shirya wata mujalla ta farauta da kamun kifi. Wata-wata take fitowa. A bangon ɗakin farko an kafa kan aladen daji, haƙoransa a waje, ni nake kaɗe masa ƙura ina kawar da kai. Mai wurin tsohuwa ce, gajeruwa, mai dogara sanda, kowa Madam yake ce mata. Kakanta ne ya kafa mujallar.

Ni ɗan masunta ne. A bakin tafkin Madarunfa aka haife ni, na iya ɗana mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi, tun kafin in iya ɗaure tazugen wandona. Ranar da na fara lura da bangon mujallar, wani mutum tsaye cikin ruwa har gwiwa riƙe da dogon kifi mai baki irin na agwagwa, sai na tsaya da tsintsiya a hannu na manta abin da ya kawo ni. Haka Madam ta fito ta same ni. Faransancina bai kai in yi mata bayani ba, sai na yi da hannu: ga igiya, ga ƙugiyoyi a jere, ga yadda tarwaɗa ke fizga. Ta yi dariya har ta kama tari, ta miƙo mini mujallar ta ce in tafi da ita.

Na kai ta ajin karatun manya da nake zuwa da yamma. Malamarmu yarinya ce 'yar Damagaram, tana karatu a jami'a, tana koya mana don Allah. Ta jujjuya mujallar ta ce, "Kawu, ajiye littafin yara ɗin nan. Abin da ranka ke so, shi ne zai zauna maka a kai." Kalmar farko da na haɗa baƙaƙenta da kaina, ba wanda ya taya ni, sunan wannan kifin ne mai bakin agwagwa. Ta ba ni fensir ta ce duk kalmar da na ci nasara a kanta in ja mata layi a ƙasa.

Tarihin mujallar a gutsure na same shi. Wani daga bakin Madam, in tana shan kofi a bakin taga ina goge tebur, wani kuma da idona, a ɗakin ƙasa inda ake ajiye tsofaffin fitowa. Ta ce kakanta kanti ke gare shi na ƙugiya da zare da harsashi. Masu saye suna damunsa da tambaya, wane wata kifi kaza ke hawa, wane irin kare ya fi iya zomo, sai ya fara rubuta amsar a falle ɗaya yana naɗe musu kaya da shi. Aka koma zuwa don fallen ba don ƙugiyar ba. Falle ɗaya ya zama huɗu, huɗu suka zama mujalla. Ba hoto a lokacin, shi ke zana komai da alƙalami, kuma a kusurwar kowane bango yakan zana karensa, wani mai faffaɗan kunne, wani lokaci zaune, wani lokaci yana barci, sau ɗaya ma da kifi a baki. Karen ya mutu amma bai bar bango ba sai da mai shi ya bi shi.

Da aka yi babban yaƙi mujallar ta tsaya. Da ta dawo, takardarta siririya ce, baƙa-baƙa, in ka ɗaga ta kana ganin rubutun bayanta. Mahaifin Madam ne ya kawo hotuna masu launi, kuma a zamaninsa ne ta yi ƙiba, masu karatu suna aiko hotunansu daga ƙauyuka, kowa riƙe da abin da ya kama. Ni da ban iya karanta shekarun da ke jiki ba tukuna, ina iya jera su da ido: huluna suna canjawa, gashin baki yana tsawo yana gajarcewa, kifayen kuma suna ƙanƙancewa a hankali, yadda na ga namu sun yi a gida. A zamanin Madam, abin da ya fi zuwa ta gidan waya shi ne saƙon zawarawa: maigidan ya rasu, a daina aikowa.

Da bazarar wannan shekara Madam ta saki ofishin. Ta ce za ta koma Lyon, wani ɗan'uwanta mai maɗaba'a ya ba ta ɗaki ɗaya a bayan injinansa. Ɗaki ɗaya ba zai ɗauki ɗakin ƙasa ba. Ranar ƙarshe ta ba ni mabuɗi, ba ta dube ni ba, ta ce in kwashe komai in zuba a manyan kwandunan shara na tsakar gidan.

Mahaifina bai iya karatu ba, ko na allo bai yi nisa ba. Amma in ya ga guntun takarda mai rubutu a hanya sai ya duƙa ya ɗauka, ya kaɗe, ya soke ta a danga ko ya kai ta wuta. Yakan ce wanda bai iya karatu ba bai san wace takarda ke ɗauke da sunan Allah ba, don haka dukkansu sai ya girmama su. Rubutu ba ya shiga juji. Na shekara ina sharar ofis ina kwashe kwandunan takardu, ina gaya wa kaina ba ni na zuba ba, ɗauka kawai na yi. Amma wannan karon ni aka ce in zuba da hannuna. Na buɗe kwandon, na ga ɓawon kankana da tsummokaran jarirai, na dubi karen nan mai faffaɗan kunne, na rufe.

Na zaɓi guda-guda daga kowace fitowa, sauran masu maimaici na ɗaure su tsaf na ajiye a gefe don masu karɓar takarda. Na dinga jan nawa kaɗan-kaɗan a keken cefane, cikin metro, zuwa fuwaye ɗinmu da ke kusa da Porte de la Chapelle, wato gidan kwanan ma'aikata baƙi. Na cusa su ƙarƙashin gado. Ɗakin mu biyu ne, ni da wani dattijo mutumin Tawa da ya yi ritaya daga aikin gini, Alhaji muke ce masa. Shi kuma Sarkin Ruwa yake kirana, don tsiya.

"Sarkin Ruwa, wanga kaya na mi ne? Kanti za ka buɗe?"

"Karatu ne, Alhaji."

"To Allah shi ba da sa'a. Mutane na karatu su zama likita, kai kana yi ka zama tarwaɗa."

Watannin nan na ji daɗinsu. Ina dawowa daga aiki in jawo ɗaya, in bi ta da yatsa, in ja layi. Ban zaɓi shafi ba. In na gama na kifi sai in shiga na farauta, don baƙaƙen duk ɗaya ne.

Sai aka yi harbe-harben. Bayansu aka shiga binciken gidaje. Kullum da labarin da za a kawo ɗakin cin abinci: an ɓalle ƙofar wane da asuba, an tafi da ƙanen wane, an zazzage katifar wani. Ban san nawa ne gaskiya ba, amma mun daina hira a bakin ƙofa, kowa in ya ji takalmi mai nauyi a matakala sai ya yi shiru. Wata ranar Lahadi da hantsi na dawo daga wanki na tarar da Alhaji zaune a bakin gadona, ya jawo mujalla ɗaya ya buɗe a cinya. Shafin da ya buɗe zanen bindiga ne an warware ta gunduwa-gunduwa, kowane ƙarfe da sunansa a gefe. Ƙarƙashin sunayen nan duka akwai layin fensirina.

"Zamna," ya ce. Na zauna.

"Baƙin mutum. Musulmi. Ga gemu. Ga littafin bindiga cike da ƙarƙashin gado, ya bi ya ja ma kowace kalma layi. In sun shigo, wa za ka gaya ma kihi kake nema?"

Wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. Da na duƙa na leƙa ƙarƙashin gadon sai na ga ba kifi ko ɗaya, bindigogi kawai, doguwa da gajeruwa, mai baki ɗaya da mai baki biyu.

"Ba kai kaɗai za su ɗauka ba," in ji Alhaji. "Ni na tsufa da kwanan siminti."

Muka yi ta juya maganar. Na ce a ƙone. Ya nuna mini na'urar hayaƙi da ke manne a rufi. Na ce in kai su bakin kanal, ruwan nan da ya ratsa gari, in zuba a ciki, yadda ake yi wa tsohon allo. Ya ce in je, in tsaya a bakin ruwa ina zazzage buhu a gaban kamara, shi zai riƙa kawo mini hura gidan kaso. Ya ce ga kwandon shara nan ƙasa.

"Wanga rubutun Nasara ne, Sarkin Ruwa, ba aya ba ce."

"Na sani, Alhaji. Hannuna ne ba zai yi ba."

Shi ma na sha ganinsa yana tsince takardar talla daga ƙasan matakala yana ɗora ta a kan akwatin wasiƙu. Bai ƙara maganar kwando ba.

Malama ce ta ce a kira Madam. Ta buga mata a wayarta bayan an tashi aji, ta yi bayani, ta miƙo mini. Madam ta ce, a hankali yadda zan gane, "Na kakana ma suna wurinka?" Na ce har da kare. Ta ce tun ranar da ta ba ni mabuɗin nan ba ta yafe wa kanta ba, kuma iyakar saninta ba wanda ke da na farko-farkon nan a jere sai ni. Ta ce in kawo su Lyon, za ta aiko tikitin jirgin ƙasa. Daga wannan lokaci sun tashi daga kayana sun zama amana.

Akwati biyu suka cika. Ƙaramin nawa ne, na zuba masa masu launi. Babban na Alhaji ne, wanda ya je Makka da shi, shi ya ɗauki tsofaffin da aka ɗinke da bango mai kauri. Zip ɗin duka biyun ya gaji, sai na ɗaure su da shuɗiyar igiyar shanya, na yi musu ƙullin da mahaifina ke yi wa taru. Ranar tafiya Alhaji ya miƙo mini almakashi.

"An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa ma naka ruwa. Kai naka rage shi za ka yi. Allah ya san huskarka ko babu shi."

Jirgina na bayan azahar ne, amma tun da safe na isa tashar. Mun saba a gida, mota ba ta da lokaci sai ta cika, gara ka jira ta da ta jira ka. Sojoji uku-uku suke yawo, ba sa magana, idonsu na bin kaya. Duk lokacin da suka gifta sai in ji akwatunan nan sun ƙara girma. Na sami benci na zauna kusa da wani dattijo Bature mai hula, yana karanta jarida. Na gaishe shi ya amsa. Na fito da dabino na miƙa masa, ya yi jim, ya ɗauki ɗaya, ya ci, ya ce da daɗi. Muka zauna haka muna kallon allon jirage.

A tashar Maraɗi, wanda kuka zauna benci ɗaya, ya ci abin hannunka, ya zama maƙwabcin tafiya. Kana iya bar masa kayanka ka je sallah, ka je cin abinci, har ka shiga kasuwa. In motarsa ta cika kafin ka dawo, zai danƙa wa na kusa da shi, ko ya ce wa mai shayi ga kayan wani bawan Allah mai farar riga. Kaya na wuni a haka yana wucewa daga ido zuwa ido, ba abin da zai taɓa shi. Ban san akwai ƙasar da ba a yin haka ba.

Da azahar ta gabato na nuna wa dattijon babban akwatin, na nuna idona, na ce ina zuwa yanzu. Ya ɗaga kai daga jaridar ya gyaɗa. Na ja ƙaramin na tafi da shi, don kada in yi masa nauyi da biyu, kuma a kansa nake niyyar zama in yi sallah da ishara, tunda ba ranar shimfiɗa darduma a fili ba ce.

Bayin tashar yana can ƙasa, da layi. Na yi alwala a ɓoye-ɓoye, na sami lungu bayan wata na'urar sayar da ruwa na yi sallata a zaune. Da na tashi komawa sai na hau wata matakala dabam, na fito wani zaure da ban sani ba. Tashar ashe zaure-zaure ce. Na tsaya gaban alluna ina haɗa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, mutane na bangaje ni. Lasifika na ta magana da sauri, ban sa mata kunne ba, don ba na kama Faransancin lasifika.

Da na gano zaurena, an zagaye shi da jan kirtani mai fari. An kore kowa baya. Bencin nan yana can tsakiyar fili shi kaɗai, babu dattijo, babu jarida. Akwatin Alhaji na tsaye a gefensa da shuɗiyar igiyarsa.

Na san abin da ya kamata in yi: in je wurin ɗan sandan da ke bakin kirtanin in ce nawa ne. Bai fi taku kaɗan tsakaninmu ba. Amma in na faɗa za a buɗe, in an buɗe za a ga abin da Alhaji ya gani, za a tambayi takarda, za a rubuta suna. Na tsaya. Na ce bari in tsara maganar a kaina tukuna, da Faransanci mai kyau. Na tsara ta, ta rushe, na sake tsarawa.

Jama'a sun taru a bayana da gefena, jirage sun tsaya, kowa na huci. Wata mata mai jan gashi ta ce wa mijinta duk wanda ya yi wannan a ɗaure shi. Wani saurayi ya ce a mayar da shi inda ya fito, tun bai san ko wane ne ba. A nan na tuna da ƙaramin akwatin da ke hannuna. Igiya iri ɗaya, ƙulli iri ɗaya. Duk wanda ya sauke ido zai ga uwa a can, ɗa a nan. Na cire rigar sanyina na lulluɓa masa, na tsaya da 'yar shat a cikin sanyin nan, gumi na bin bayana.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Na ga lokacin jirgina ya zo a allo ya wuce. Na ga wasu mutum biyu sun iso, ɗaya cikin wata riga mai kauri kamar katifa, ya je ya ajiye wani abu kusa da akwatin ya dawo. Aka ƙara tura mu baya. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, leɓena ba ya motsi don kada a gani.

Ƙarar ba ta kai yadda na zata ba. Kamar an buga babbar ƙofar ƙarfe. Daga baya aka gaya mini da ruwa suke harbin irin wannan kaya. Tantabarun da ke rufin tashar suka tashi gaba ɗaya. Da na ɗago, akwatin ya dare biyu, takardu sun watsu cikin ruwa har ƙarƙashin benci.

Mutumin mai rigar katifa ya je ya tona da ƙafa, ya ɗaga hannu. Aka fara naɗe kirtani, jama'a suka kwararo, kowa na gudun jirginsa, suna bi ta kan takardun. A lokacin ba wanda ya san ni. Da na juya na bi su, da shi ke nan. Har na kama hannun akwatina. Sai ga mai shara ya turo kekensa, baƙin mutum kamata, da faffaɗan buroshi irin wanda nake aiki da shi, ya fara tattaro su wuri ɗaya, rubutu da laka da guntun sigari.

Ban yi shawara da kaina ba. Na dai tsinci kaina a durƙushe cikin ruwan ina tsamo su ina ɗorawa a kan benci. Mai sharar ya tsaya. Ya dubi igiyar da ke ƙasa, ya dubi wadda ta leƙo daga ƙarƙashin rigata. Ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ɗan'uwa, tafi." Ban tafi ba. Takalma biyu baƙaƙe na ɗan sanda suka tsaya a gabana.

"Naka ne?"

Duk Faransancin da na tsara ya gudu. Na ce, "I."

Ɗakin da suka kai ni ba shi da taga. Suka karɓi resefise ɗina, wata 'yar sanda ta ajiye ta kusa da kwamfuta, idona bai bar kanta ba. Ɗaya namijin ya yanke igiyar ƙaramin akwatin, don ya kasa kwance ƙullin. Ya dinga fito da mujallun yana buɗewa. Kamar da gayya, duk wadda ya buɗe bindiga ce. Ya ga layukan fensir, ya kira ta, suka duba tare. Ya tambaye ni me ya sa na ja layi. Na ce karatu nake koyo. Ya tambaye ni ko ina da bindiga. Na ce ban taɓa riƙewa ba. Ya tambayi masallacin da nake zuwa, da wanda ya ba ni kayan, da dalilin da ya sa na bar akwati na tafi. Na ce na bar wa maƙwabcina. Ya ce wane maƙwabci, mene ne sunansa. Na ce ban sani ba, amma ya ci dabinona. Suka dubi juna.

Ya turo mini guda ɗaya ya ɗora yatsa a wani wuri ya ce in karanta. Na karanta, kalma-kalma, ina tuntuɓe. Bayani ne kan yadda ake ajiye tana da ranta a lokacin sanyi, cikin akwatin katako da ganye mai laima. Ya karɓe ya rufe.

Na ba su lambar Madam. Daga inda nake zaune ina jin muryarta tana fita daga wayar, ɗan sandan yana nisanta ta da kunnensa. Bayan nan suka bar ni ni kaɗai na daɗe. Da suka dawo, 'yar sandan ta ɗauki resefise ɗina ta buga sunana a kwamfuta, harafi bayan harafi, ina kallo, kuma a karon farko ina iya karanta abin da ake rubutawa a kaina. Suka ba ni takardar tara, suka mayar mini da tawa. Mai sharar nan ya tattara mini sauran a baƙaƙen ledojin shara guda biyu ya ajiye a bakin ƙofa. Ban sake ganinsa ba balle in yi masa godiya.

Na isa Lyon da jirgin yamma, na kwana wurin wani ɗan garinmu a unguwar Guillotière. Da safe na ja kayan zuwa maɗaba'ar. Madam ta buɗe ƙaramin akwatin ta shafa, sannan ta dubi ledojin. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga sandarta ta ce ita ce ta fara cewa a zubar. Muka shimfiɗa guntayen a ƙasa tsakanin injina, ɗan'uwanta ya kunna mana na'urar ɗumi. Tsohuwar takarda ba ta jure ruwa, yawanci ta zama kamar tuwon da ya kwana. In ta gane wani guntu sai ta gaya mini na wane zamani ne. Wannan hannun kakanta ne. Wannan na bayan yaƙi ne. Mun sami karen a wuri uku, ɗaya babu kai.

Watanni bayan nan ban yi barcin kirki ba. Duk ambulan da ya zo fuwaye da sunana sai in ba Malama ta buɗe, ko da yake na iya karantawa. Sau biyu aka sabunta mini resefise ba tare da an ce komai ba. Katin ya fito daga baya, a makare. Ko abin da ya faru a tashar ne ya jinkirta shi, ko haka nan ne, ba wanda ya gaya mini, ni kuma ban tambaya ba. Alhaji ya ce ya yafe akwatin, amma har ya koma Tawa bai daina gaya wa baƙi cewa akwatinsa ya je Makka lafiya, Sarkin Ruwa ya kasa kai shi Lyon ba.

Mujallar ta ƙara 'yan shekaru a ɗakin nan na bayan injina, tana ramewa, har ta tsaya a shekarar korona. Ni ma yanzu a Lyon nake. Ina da lasin kamun kifi, ranar hutu nakan sauka bakin kogi da fatsa, kuma in zan je bayi da kayana nake tafiya.

Abin da ya salwanta a ranar: akwatin Alhaji ɗaya. Kundi goma sha ɗaya masu bango mai kauri, wato duk zamanin kakan Madam da farkon na mahaifinta, ban da shafuka kamar talatin da muka busar. Dardumata, da na sa a sama don kada igiya ta ci takarda. Fensirin da Malama ta ba ni. Kilishin da Alhaji ya ce in kai wa tsohuwar.